Fistin da Ake Turawa da Wanda Ake Murɗawa

Shekara shida na yi da Camry ƙirar 2004, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa kai ta gareji don canjin fad ɗin birki ba. Ranar Asabar bayan karin kumallo nake shimfiɗa kwali a ƙofar gida, in ɗaga ta da jak, in cusa guntun katako mai kauri a ƙarƙashinta saboda tsaro, in kwance taya. Kayan aikina duka a cikin wata tsohuwar jakar makarantar yara suke: sifanu 'yan ƙalilan, filaya, babbar sukundireba, da kilam guda ɗaya irin na masu walda, mai siffar harafin G, wanda na saya a kasuwar Ƙofar Ruwa. Wannan kilam ɗin shi ne abin alfaharina. Da shi nake mayar da fistin cikin gidansa, gaba da baya, ban taɓa samun gardama ba.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan taya ba, abin da ke wurin ba shi da wuyar ganewa. Akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, akwai fad guda biyu da suka sa shi a tsakiya, sannan akwai ƙarfen da ya rungume su duka, wanda makanikai ke kira kalifa. A cikin kalifar fistin yake. Idan ka taka birki, man birki ne ke turo fistin ya matse fad a jikin faifai. Sabon fad yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, idan ya cinye ya koma kamar 3 to lokacin canji ya yi. Duk abin da ya cinye daga jikin fad, fistin ne ke fitowa ya cike gurbin, kuma ba ya komawa, sai ɗan abin da robar da ke zagaye da shi ke janyo shi baya idan ka ɗaga ƙafa, wanda bai wuce kaurin takarda ba. Shi ya sa ranar da ka zo da sabon fad mai kauri za ka tarar babu wurin da zai shiga. Sai ka mayar da fistin inda ya faro.

A Camry ɗin nan yadda nake yi shi ne in bar tsohon fad a kan fuskar fistin, in ɗora bakin kilam a kansa, ɗaya ɓangaren a bayan kalifa, in riƙa murɗawa a hankali. Tsohon fad ɗin yana raba nauyin, fistin ya shiga a miƙe ba tare da ya karkace ba. Da yatsu biyu nake juya hannun kilam ɗin. Na saba da wannan laushin har na ɗauka haka kowane birki yake.

Da na sayar da ita na sayi Honda Accord ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD. Wasu daga cikinsu suna zuwa da birki mai ganga a baya maimakon faifai, tawa kuwa faifai ce gaba da baya. Bayan 'yan watanni na fara jin ƙara daga baya idan na taka, na sayo fad, na shimfiɗa kwalina kamar kullum. Na kwance notuna biyu da sifana mai lamba 12, na zare kalifar, na ɗauko kilam. Tun a nan ya kamata in tsaya, domin kilam ɗin ya ƙi zama daidai. A bayan kalifar akwai wani ɗan hannu na ƙarfe da sifirin da waya, abin da ban saba gani ba a Camry. Na lallaɓa na samo masa wurin zama a gefe, na fara murɗawa. Yatsu biyu suka kasa. Na sa hannu duka, shiru. Na ce tsatsa ce, na ɗauko sifana na zura a hannun kilam ɗin don in ƙara ƙarfi. Sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, ƙas, sannan na ga sandar kilam ɗin ta lanƙwashe. Fistin bai shiga ba ko kaɗan.

Na mayar da tsohon fad, na ɗaura taya, na lallaɓa da motar zuwa wurin wani dattijon makaniki da mahaifina ya daɗe yana kai wa mota. Ya zare kalifar, ya juya ta a hannunsa, ya goge fuskar fistin da babban yatsa.

Ya ce, "Malam, da me ka matse shi?"

Na ce, "Da kilam, Baba."

Ya ce, "Zo ka gani. Ka duba fuskarsa kafin ka matse?"

Na sunkuya. A fuskar fistin akwai tsaga biyu da suka gitta juna, kamar alamar tarawa a lissafi. Na gan su da safe, amma ban tambayi kaina amfaninsu ba. Fistin Camry kamar kofi yake, rami ne a tsakiya da baki mai santsi. Wannan kuwa a shafe yake, da tsaga.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya aiki yaronsa ya ɗauko wata matacciyar kalifa daga cikin tarin ƙarafa, wadda suka riga suka farke, ya nuna mini cikinta. A tsakiyar fistin akwai sanda mai tiredi, kamar dogon noti, ta shige cikin wani ƙarfe da ke zaune a cikin fistin. Wannan ɗan hannun da na gani a baya, shi wayar birkin hannu ke ja. Idan ka ja birkin hannu, hannun ya juya, ya turo sandar, sandar ta turo fistin, ba ruwansa da mai. Yayin da fad ke cinyewa fistin na fitowa, ƙarfen ciki yana warwarewa a kan tiredin da kansa, don kada birkin hannu ya yi sako-sako. Wato duk nisan da fistin ya fito, a kan tiredi ya tako. Hanyar komawarsa ɗaya ce, ya bi tiredin ya koma. Ni kuwa na sa ƙarfi ina so in tura noti ta cikin tiredinsa a miƙe.

Baba ya gwada murɗa tawa, ta juya tana kartar wani abu a ciki, birkin hannu kuma ya daina kamawa ta wannan gefen. Sai da na sayo wata kalifar ta Beljiyam. Kuɗinta ya ninka na fad ɗin da na je canjawa, ya kuma fi kuɗin duk wani kayan aikin da zai hana aukuwar hakan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makon da na yi ina ajiye mota a gangaren ƙofar ofis da dutse a bayan taya, ina tunanin da a ce ban kai ta wurin Baba ba, na samu na cusa fad ɗin ta ƙarfi, da da iyalina a ciki zan gano ɓarnar.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane ƙarfe zai saya don mayar da fistin, ba na ba shi amsa sai na tambaye shi motarsa, kuma gaba ko baya. Na gaba kusan kullum turawa ake yi. Na baya ne ke da rarrabuwa, kuma ba sai ka haddace sunayen motoci ba. Cire taya ka leƙa. Idan ka ga wayar birkin hannu ta zo ta maƙale a jikin kalifar kanta, murɗawa ake yi. Idan wayar ta wuce ta shige bayan faifai, to akwai 'yar ƙaramar ganga a cikin faifan da birkin hannu ke aiki da ita, kalifar ba ta da wata sanda a ciki, turawa ake yi. Camry ɗina haka take, shi ya sa kilam ya yi mini shekara shida lafiya. Accord irin tawa da wadda ta biyo bayanta a 2008, da Golf 4, duk murɗawa ne. In ka zare kalifar kuma fuskar fistin za ta tabbatar maka: kofi mai santsi, ko fuska mai tsaga ko 'yan ramuka biyu.

To da me ake murɗawar? A nan ne na ɓata lokaci da kuɗi kafin in zauna a kan abu ɗaya.

Da farko na yi abin da na ga yaran gareji na yi, filaya mai dogon baki, a buɗe ta a sa kowane baki a tsaga a juya. Tana yi idan fistin mai laushi ne. Amma hannu ɗaya na riƙe da kalifar da ke lilo, ɗaya na juya filaya, kuma duk lokacin da ta zame, bakinta mai tsini robar ƙura yake nufa, wannan baƙar robar mai naɗe-naɗe da ke zagaye da wuyan fistin. Ƙaramin huji ya isa. Ba za ka ga illarsa a ranar ba. Ƙurar hunturu za ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, bayan shekara fistin ya yi tsatsa ya kama, taya ta riƙa ɗaukar zafi, fad na gefe ɗaya ya cinye kafin ɗan'uwansa. Sau ɗaya filaya ta zame mini ta karci robar, Allah ya sa ba ta huda ba, na ajiye ta.

Sai na sayi ɗan dunƙulen ƙarfen nan mai fuska shida, kowace fuska da irin haƙoranta, wanda ake sa wa a bakin hannun soket. Ba shi da tsada, ba ya cin wuri, yana shiga aljihu. A Honda yana aiki sosai, domin fistin Honda ba ya neman matsi mai yawa, da ka dafa shi kana juyawa yadda ake ɗaure noti sai ya riƙa shigewa. Har guntun ƙarfe mai faɗi da ya cika tsagar yakan yi. Na ɗauka na gama neman kayan aiki, sai maƙwabcina ya roƙe ni in taya shi canja na Golf ɗinsa. Muka yi ta juya fistin, yana juyawa a wuri ɗaya ba ya shiga. Na danna da ƙirjina shi yana riƙe da kalifar, dunƙulen ya zame ya fi sau goma, haƙoransa suka fara cinye bakin ramukan. Irin wannan fistin sai an haɗa masa biyu a lokaci guda, matsi mai ƙarfi da juyi, kuma hannun mutum ba ya iya ba da su tare a kan abin da ba a ɗaure yake ba.

Abin da ke yin wannan shi ne wanda ake sayarwa a akwatin roba: doguwar sanda mai tiredi da hannu a gindinta, farantin ƙarfe da ke tokare da ɗaya ɓangaren kalifar inda fad na waje ke zama, da kawuna masu yawa, kowane da tazarar haƙoransa. Ka zaɓi kan da ya zauna daram a ramukan fistin, ka tokare farantin, ka juya hannu. Tiredin sandar ne ke ba da matsin, kai juyi kawai kake yi, ka riƙa ɗaure notin farantin idan ya saki. Da muka aro shi daga gareji, aikin da ya ci mana awa biyu bai kai minti biyar ba. Washegari na tafi kasuwa.

A nan ina da shawarar da na biya kuɗi kafin in same ta. Masu shago za su nuna maka akwati mai kawuna 18, da mai 22, su ce mai yawan ya fi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ni cikin kawunan akwatina uku kawai na taɓa amfani da su, sauran har yau da man masana'anta a jikinsu. Abin dubawa sandar ce. Ɗauke ta ka ji nauyinta, ka murɗa notin daga sama har ƙasa ka ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa, ka duba haƙoran kawunan ko a jikin ƙarfen aka fitar da su ko liƙa su aka yi sama-sama. Ka kuma tabbata sanda biyu ce a ciki, ta dama da ta hagu, domin akwai motocin Turai da fistin gefe ɗaya nasu ta hagu yake shiga. Idan kana juyawa ka ga fistin na ƙara fitowa maimakon shiga, tsaya nan take ka juya akalar, kada ya fito gaba ɗaya mai ya zube. In da hali, ɗauki hoton fuskar fistin da wayarka, ko ka auna tazarar ramukan da rula, ka je kasuwa da shi.

Wanda ba ya son sayen akwati don mota ɗaya, akwai hanyar da na gani a wurin Baba kuma ta burge ni. Tsohon soket ne ya ba mai walda ya yanke bakinsa ya bar haƙora biyu daidai ramukan Golf. Wani kuma dogon noti ne aka yi masa faranti da kai. Ya ce ya fi shekara goma yana aiki da su. Sharaɗin kawai haƙoran su cika ramin, kada su yi wasa a ciki.

Abu biyu ne nake lura da su lokacin murɗawa, kuma babu akwatin da zai yi maka su. Na farko robar ƙura. Idan ta bushe takan manne wa fistin ta riƙa juyawa tare da shi har ta murɗe ta yage. Nakan goge ta da tsumma, in ɗan ɗaga bakinta da abin da ba shi da kaifi in shafa ɗigon man birki, sannan in juya kaɗan in tsaya in duba. Kada a kusanto da man inji ko fetur ko giris na gama-gari wurin, suna kumbura irin wannan robar. Na biyu, inda tsagar za ta tsaya. A bayan fad na ciki akwai ɗan ƙurji na ƙarfe da dole ya faɗa cikin tsagar fistin, shi ke hana fistin juyawa idan an ja birkin hannu. Idan ka gama murɗawa ka bar tsagar a karkace, ƙurjin zai hau kan fuskar fistin, fad ya zauna a gicciye, birki ya yi laushi, ya kuma cinye ta gefe ɗaya. Kafin in mayar da kalifa sai na leƙa ta tagar da ke samanta na ga ƙurjin ya shige.

Na gaba kuwa, har yanzu kilam nake amfani da shi, sabo mai kauri, mai buɗewa kamar inci 6. Na san yawancin garejinmu ba sa ɗaukar kilam. Babbar sukundireba ko ƙarfen cire taya ake zurawa tun kalifar na ɗaure, a banƙare. Ba zan ce hanyar banza ce ba, domin na ga masu hannu suna yin ta cikin tsabta: suna sa bakin ƙarfen tsakanin tsohon fad da faifai, su ja a hankali su riƙe, tsohon fad ɗin da za a jefar shi ke shan wahalar. Inda take ɓaci shi ne idan yaro mai gaggawa ya sa bakin ƙarfen kai tsaye a gefen fistin. Fistin ya karkace a cikin gidansa, ko a karce fuskar faifai. Akwai kuma motoci, musamman na Amurka, da fistin nasu ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai kama da roba mai tauri, launin ƙasa-ƙasa ko baƙi. Ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, amma idan ƙarfe ya cije gefensa ɓallewa yake yi. Irin wannan ko da kilam ne, ban yarda a taɓa shi ba sai da tsohon fad ko guntun katako a tsakani.

Ƙanena yana da Hilux, ita kuma wani karatun ce daban. Kalifar gabanta ba ta zamewa, a ɗaure take, da fistin huɗu, biyu ta kowane gefen faifai, kamar yadda Prado take. Ba ka ma cire kalifar, fil biyu za ka zare ka janyo fad ta sama. Matsalar ita ce duka huɗun mai ɗaya suke sha. Ka tura wannan, wancan ya leƙo. Kilam ba shi da wurin kamawa mai kyau a nan. Akwai abin da aka yi don wannan, faranti biyu da ke buɗewa idan kana murɗa hannu ko kana famfo, su tura duka a tare. Mu ba mu saya ba. Gefe ɗaya muke yi a lokaci guda: mu bar tsohon fad na ciki a wurinsa, mu banƙare na waje a hankali ta kan tsohon fad ɗinsa har fistin biyun su shige, mu zura sabo, sannan mu koma ɗaya gefen. Wanda ke da gareji kuma irin waɗannan motocin ke yawan zuwa masa, ya saya, zai huta.

Akwai abin da ban taɓa tunani a kai ba a shekarun Camry, sai ranar da na ga mai yana ɗiga daga ƙarƙashin injin bayan na gama aiki. Man da ke bayan fistin, ina yake zuwa idan ka tura? Sama yake komawa, cikin ɗan tankin da ke kan masta, wato famfon da ke tura mai idan ka taka birki. Na zauna na lissafa. Fistin mai faɗin milimita 57, idan ya koma baya milimita 16, wato abin da fad biyu suka cinye, zai mayar da mai kamar mililita 40, kusan cokali uku na cin abinci. Taya biyu, ninki biyu. Da a ce ba wanda ya taɓa tankin tun fad na sabo, da man zai koma daidai layinsa na sama. Amma mu nan duk wanda ya buɗe bonet ya ga mai ya sauka sai ya ce a ƙara, alhali saukar tasa alama ce ta cinyewar fad. Ranar canji sai ya yi ambaliya, kuma man birki yana cin fenti. Yanzu kafin in taɓa fistin sai na buɗe tankin na duba, in ya cika in zuƙe kaɗan da sirinji, in kewaye wuyansa da tsumma.

Wannan ya kai ni ga gardamar da na ji makanikai na yi, ko a buɗe ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifa lokacin turawa, ko a bar shi. Masu cewa a buɗe suna da hujja. Man da ke cikin kalifa shi ne mafi datti a motar, shi ya fi shan zafi, a nan gurɓataccen abu ke taruwa, kuma idan ka tura shi sama ta cikin na'urar ABS zai bi, wadda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, mai ƙananan hanyoyi da tsadar gyara. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. Ƙanena yakan bi ta Hawan Kibo idan zai je Lafiya daga Jos, da kaya a bayan mota, ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. A irin wannan gangaren ne tsohon mai ke tafasa, feda ta tafi ƙasa babu komai. Saboda haka ni ina buɗewa, in notin ya yarda. Nakan sa masa siririn tiyo irin na ƙarin ruwa da ake samu a kemis, ɗaya bakin a cikin gora, in buɗe kaɗan, in tura fistin, in rufe kafin in saki kilam don kada iska ta koma. Baƙin man da ke fitowa ya isa ya gamsar da mutum. Amma idan notin ya yi tsatsa ya ƙi motsi da ɗan ƙarfi, ba na dagewa, domin karyewarsa a ciki ta fi abin da ake gudu. Sai in tura a hankali sosai, in sa ranar canja man gaba ɗaya.

Buɗe notin nan yana da wani amfanin. Idan fistin na gaba, wanda ka tabbata na turawa ne, ya ƙi shiga da yatsu biyu, buɗe ka sake gwadawa. In ya shiga cikin sauƙi, matsalar tana sama, wataƙila tiyon roba ya ruɓe ta ciki yana hana mai komawa. In har yanzu ya ƙi, fistin ne ya kama da tsatsa, kuma kilam mafi girma ba zai warkar da shi ba. Za ka iya danna shi ya shiga ta ƙarfi, amma zai fito ya ƙi komawa, ya riƙe faifai. Sai an farke an wanke an sa sabuwar roba, ko a canja kalifar. Kuma kada a bar kalifa tana lilo a jikin tiyonta lokacin duk wannan aikin. Ni guntuwar waya nake lanƙwasawa in rataye ta a jikin sifirin.

Sababbin motoci masu maɓalli a madadin birkin hannu, irin Passat tun daga ƙirar 2005 da Accord ta 2018, ƙaramin injin lantarki ne a bayan kalifar ke tura sandar. Sai an fara janye shi da sikana, wato na'urar da ake haɗawa da kwamfutar mota, ko ta hanyar da kamfanin ya tsara, sannan a taɓa fistin. Wani abokin aikina ya kawo mini irinta, na ce ya kai wa mai sikana, ban kwance ko taya ba.

Asabar ɗin da ta wuce na canja na bayan Accord karo na uku tun wancan abin. Babban ɗana, mai shekara 13, shi ke miƙo mini kaya. Da na zare kalifar na miƙa masa na ce ya faɗa mini wanne za mu ɗauko. Ya goge fuskar fistin da yatsa yadda ya ga ina yi, ya leƙa baya ya taɓa wayar.

Ya ce, "Abba, na murɗawa ne."

Na bar shi ya zaɓi kan da kansa, ya gwada biyu kafin na ukun ya zauna. Ya juya, ina riƙe da kalifar ina duba robar. Da muka ɗaura tayoyi muka sauke motar, na sa shi ya zauna a kujerar direba, inji a kashe, ya yi ta taka birki. Taku na farko da na biyu feda ta tafi har ƙasa, ya ɗago ya dube ni a tsorace. Na ce ya ci gaba, kada dai ya danna ta har ƙarshe, fistin ne ke fitowa yana neman sabon fad, kuma duk wanda ya tayar da mota bai yi wannan ba zai isa bakin titi babu birki. A taku na shida ta yi tauri. Ya ja birkin hannu ya saki sau biyar, na duba mai a tanki, na rufe bonet, sannan na karɓi makulli muka zagaya layinmu a hankali, ina takawa ina saki.